Sabon maganin faibromayaljiya: abin da ya zo da shi da abin da ya rage

A ranar 15 ga Agustan 2025, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani mai suna Tonmya domin masu fama da ciwon faibromayaljiya. Rabon hukumar da sa hannu a kan wani magani na wannan ciwo tun watan Janairun 2009, sama da shekara 15 ke nan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da marasa lafiya suka karɓi labarin da murna. Mutanen da suka daɗe ana ce musu lafiyarsu ƙalau, alhali su kaɗai suka san abin da suke ji a jikinsu, sun cancanci a zo musu da labari mai daɗi. Amma sun fi cancantar a faɗa musu gaskiyar girman abin da aka samu, domin kada su sa rai da abin da maganin ba zai iya yi ba.

Faibromayaljiya ciwo ne da yake game jiki, dama da hagu, sama da ƙugu da ƙasansa, ya kuma ɗauki aƙalla wata uku bai tafi ba. Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai gajiya mai nauyi, akwai barcin da mutum zai yi ya tashi kamar bai runtsa ba, akwai mantuwa da rashin iya tattara hankali wuri guda. Da yawa suna haɗawa da ciwon kai da rikicewar ciki. An ƙiyasta cewa yana shafar mutum 2 zuwa 4 cikin kowane 100, kuma mata aka fi gani da shi a asibiti. Abin da ya fi wahalar da masu shi shi ne gwajin jini yakan fito lafiya, hoton ƙashi ma haka, gaɓoɓi ba su kumbura ba. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gane shi, inda likita zai danna wurare 18 a jiki, idan 11 suka yi zafi a ce shi ne. An sake ƙa'idar a 2010 da 2016, aka daina dogaro da dannawa, aka koma lissafin sassan jikin da ke ciwo tare da tsananin gajiya da matsalar barci da ta tunani.

Sai an san inda matsalar take sannan za a gane dalilin da ya sa magungunan suka zo a yadda suka zo. Mafi yawan masana a yau sun tafi a kan cewa tsoka da ƙashi ba su ne tushen ciwon ba. Tushen yana cikin laka da ƙwaƙwalwa, inda ake karɓar saƙon zafi daga jiki a auna shi. Kamar lasifikar da aka ƙure muryarta ce: ko numfashi aka yi kusa da ita sai ya fita da ƙara. Taɓawar da wani ba zai ma lura da ita ba, mai faibromayaljiya zai ji ta har cikin ransa. Wannan ba zato ba ne kawai. Tun 1994 aka auna ruwan lakar masu ciwon aka tarar wani sinadari mai isar da saƙon zafi ya ninka na masu lafiya kusan sau uku. Hotunan ƙwaƙwalwa kuma sun nuna cewa matsi kaɗan a yatsa yana tayar da sassan jin zafi a wurinsu fiye da yadda yake yi a wurin sauran mutane. A 2017 ƙungiyar nazarin zafin ciwo ta duniya ta ware wa irin wannan zafi rukuni nasa, dabam da na rauni ko kumburi, dabam kuma da na lalacewar jijiya. Wannan ne ya sa diklofenak da ibuprofen, waɗanda aikinsu kashe kumburi ne, ba sa taɓuka wani abin kirki a nan. Babu kumburin da za su kashe.

Magunguna uku na farko da FDA ta amince da su duka a kan laka da ƙwaƙwalwa suke aiki, kuma babu wanda aka ƙirƙira tun asali domin wannan ciwo. Pregabalin, wanda ake sayarwa da sunan Lyrica, ya samu amincewa a 2007. Asalinsa maganin farfaɗiya ne da ciwon jijiya, yana rage yawan saƙon da jijiyoyi ke aikawa. Duloksetin, wato Cymbalta, ya biyo a 2008, sai milnasipran, wato Savella, a 2009. Waɗannan biyun daga dangin magungunan ciwon damuwa suke, suna ƙarfafa hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi ta danne zafi tun daga laka. Suna taimakon wasu, ba a musu. Amma da aka tattara gwaje-gwajen pregabalin wuri guda, sai aka ga cewa idan aka kwatanta shi da ƙwayar wofi, wato ƙwayar da ake bayarwa a gwaji wadda babu magani a cikinta, kusan mutum 1 cikin 10 ne kawai yake samun babban sauƙin da za a iya jingina wa maganin kansa. Da yawa kuma suna ajiye shi saboda jiri, magagi, ƙiba da kumburin ƙafa. Duloksetin da milnasipran na kawo tashin zuciya da gumi. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta duba duka ukun a tsakanin 2008 da 2009 ta ƙi amincewa da su domin faibromayaljiya, a kan cewa amfanin bai kai ya rinjayi illar ba. Hujjoji iri ɗaya, hukunci biyu mabambanta, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda amfanin yake a kan gaɓa.

To me Tonmya ya zo da shi? Sinadarin da ke cikinsa ba sabo ba ne. Saiklobenzaprin ne, maganin sassauta tsoka da aka fara sayarwa a Amurka tun 1977, wanda a ƙirarsa ɗan'uwa ne na kusa ga amitriptilin, wani tsohon maganin ciwon damuwa. Abin da kamfanin Tonix Pharmaceuticals ya sauya shi ne hanyar shigarsa jiki da lokacin shansa. Ba haɗiyewa ake yi ba. Ana sa ƙwayar a ƙarƙashin harshe lokacin kwanciya barci ta narke, maganin ya shiga jini kai tsaye ba tare da ya fara bi ta hanta ba. Amfanin haka biyu ne. Yana saurin kaiwa jini a daidai lokacin da ake buƙatarsa, wato farkon dare. Sannan idan aka haɗiye saiklobenzaprin, hanta tana juya wani kaso nasa zuwa wani sinadari mai daɗewa a jiki, wanda ake dangantawa da kasala da nauyin jiki washegari. Ta ƙarƙashin harshe wannan sinadari yana raguwa. Ana farawa da ƙwaya ɗaya mai miligiram 2.8 na mako biyu, sannan a koma biyu, miligiram 5.6.

Tunanin da ke bayan maganin ya fi maganin kansa ban sha'awa a wurina, kuma tsohon tunani ne. A 1975 wani likita a Toronto ta ƙasar Kanada, Harvey Moldofsky, ya auna barcin masu irin wannan ciwo ya ga ƙwaƙwalwarsu ba ta nutsewa cikin barci mai nauyi yadda ya kamata. Sai ya ɗauki mutane masu lafiya ya riƙa katse musu barci mai nauyi da ƙara na 'yan darare. Suka wayi gari da ciwon jiki da zafin taɓawa irin na masu faibromayaljiya, da aka bar su suka yi barci kuma abin ya tafi. Ma'anar wannan ita ce rashin barci mai kyau ba sakamakon ciwon ba ne kawai, yana cikin abubuwan da ke rura shi. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo, haka abin zai yi ta zagayawa. Tonmya yunƙuri ne na katse wannan zagaye ta ɓangaren barci, shekara 50 bayan an gano shi.

Lambobin gwajin su ne inda ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Kamfanin ya fara gwada miligiram 2.8 kaɗai, a 2016 babban gwajin bai cimma abin da aka sa a gaba ba. Aka ninka adadin aka yi manyan gwaje-gwaje uku na mako 14 kowanne. Na farko, mai suna RELIEF, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2020, ya ƙunshi mutum kusan 500: a ma'aunin zafi na 0 zuwa 10, masu shan maganin sun samu raguwar kusan maki 1.9, masu ƙwayar wofi kuma 1.5. Na biyu, RALLY, bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba. Na uku, RESILIENT, ya fito a Disambar 2023 da mutum sama da 450: raguwar kusan 1.8 ga masu magani, 1.2 ga masu ƙwayar wofi, tare da ingantuwar barci da raguwar gajiya. Ke nan biyu sun yi nasara, ɗaya ya faɗi, kuma tazarar da ke tsakanin magani da ƙwayar wofi ba ta kai maki ɗaya ba. Irin tazarar da aka saba gani ke nan a tsofaffin magungunan uku.

Ba ina raina wannan ba ne. Matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane: a cikinsa akwai wadda ciwonta ya ragu da rabi ta koma aikinta, akwai kuma wadda ba ta ji komai ba. Ga ta farkon, maganin ya canza mata rayuwa. Akwai kuma abin yabawa a ɓangaren illa, domin gwaje-gwajen ba su nuna ƙiba ko hawan jini irin na wasu tsofaffin magungunan ba. Abin da aka fi kuka da shi a baki yake: mutuwar harshe ta ɗan lokaci, wato ya daina jin taɓawa, ɗaci, wani lokaci zafi ko gyambo a ƙarƙashin harshe, sai magagi. Amma akwai tambayar da gwaje-gwajen ba su amsa ba, kuma ita ce ta fi damun talaka. A duk gwaje-gwajen, da ƙwayar wofi kaɗai aka kwatanta shi. Ba a sa shi gefe da gefe da amitriptilin ko saiklobenzaprin na haɗiya ba, waɗanda likitoci suka daɗe suna bayarwa kaɗan-kaɗan da dare domin wannan ciwo, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Har sai an yi wannan gwaji, babu wanda zai iya cewa sabon ya fi tsohon. Sannan gargaɗin da ke kan dangin maganin yana nan: bai dace da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko mai rikicewar bugawar zuciya, kuma haɗa shi da tramadol ko magungunan damuwa na iya jawo wani mummunan yanayi na zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa.

Hanyar da aka bi kafin a zo nan cike take da magungunan da aka sa wa rai suka faɗi. Sodiyam oksibet, wanda ake ba masu cutar yawan barci, ya nuna amfani sosai a gwaji domin shi ma barci mai nauyi yake ƙarawa, amma a 2010 kwamitin masu ba FDA shawara ya ƙi shi da ƙuri'a 20 da 2, saboda sinadarin yana cikin waɗanda ake maye da su ake kuma gusar da hankalin mutane da su. Mirogabalin, ƙanin pregabalin da kamfanin Daiichi Sankyo na Japan ya ƙera, an gwada shi a kan mutum fiye da 3,000, a 2017 aka sanar bai yi nasara ba. Wani haɗin maganin ƙwayar cuta da maganin kumburi, wanda aka gina a kan zaton cewa ƙwayar cutar hafis, mai kawo ƙuraje a leɓe, da ke ɓoye a jiki ce ke tayar da ciwon, shi ma bai cimma burinsa ba a 2022. Esreboksetin, ɗan dangin duloksetin da kamfanin Axsome ya miƙa wa FDA, hukumar ta ƙi karɓar takardunsa a tsakiyar 2025, kamfanin ya ce zai sake wani gwajin.

Dalilin yawan faɗuwar nan abu biyu ne da suka haɗu. Masu shan ƙwayar wofi a gwajin ciwo suna samun sauƙi na gaske, saboda kulawa da sauraro da sa rai duk suna taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke auna zafi, don haka tsallake su yana da wuya. Na biyun ya fi muhimmanci: da alama abin da muke kira faibromayaljiya ba cuta ɗaya ba ce, alamomi ne iri ɗaya da ke fitowa daga tushe mabambanta. Idan magani ya dace da kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon, aka gwada shi a kan kowa da kowa, amfaninsa zai narke a cikin lissafi.

Naltrekson mai ƙaramin adadi misali ne mai kyau na yadda suna ke riga hujja. Maganin an amince da shi ne a 1984 domin masu son rabuwa da hodar maye ta hiroyin da danginta, a kan miligiram 50. Wani mai bincike a Jami'ar Stanford, Jarred Younger, ya gwada miligiram 4.5 kacal, bisa tunanin cewa ƙaramin adadi yana kwantar da ƙwayoyin garkuwa da ke cikin ƙwaƙwalwa. Gwajinsa na 2009 mata 10 ne, na 2013 mata 31, kuma duka sun nuna alamar sauƙi. Daga nan labarin ya bazu a intanet har ya zama kamar an gama magana. Sai masu bincike a Denmak suka yi gwaji mafi girma, mata 99 na mako 12 a kan miligiram 6, sakamakon ya fito a mujallar The Lancet Rheumatology: bai fi ƙwayar wofi rage ciwo ba, sai dai an ga alamar yana iya taimakawa wajen mantuwa. Maganar ba ta mutu ba, amma ba ta tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne naltrekson yana toshe aikin tramadol da kodin, wanda kuma jikinsa ya saba da su zai iya shiga mummunan hali idan ya sha shi.

Binciken da na fi sa wa ido shi ne wanda aka wallafa a 2021, haɗin gwiwar King's College London, Jami'ar Liverpool da Cibiyar Karolinska ta Suwidin. Sun tace sinadaran garkuwar jiki daga jinin masu faibromayaljiya suka yi wa ɓeraye allurarsu. Cikin ɗan lokaci ɓerayen suka fara gudun matsi da sanyi, ƙarfin kamunsu ya ragu, motsinsu ya ragu. Waɗanda aka yi wa allurar ta masu lafiya ba abin da ya same su. Bayan 'yan makonni, da sinadaran suka fita daga jikinsu, ɓerayen suka warware. An kuma gano inda sinadaran suke maƙalewa: a jikin wasu ƙwayoyi da ke kewaye da jijiyoyin jin zafi a gefen laka, ba cikin ƙwaƙwalwa ba. Idan wannan ya tabbata a jikin ɗan'adam, to aƙalla wani kaso na masu ciwon garkuwar jikinsu ce ke tsokanar jijiyoyinsu, kuma za a iya samar da gwajin jini da zai ware su, abin da ba a taɓa samu ba. Akwai magungunan da aikinsu rage irin waɗannan sinadarai ne. Kamfanin UCB na Beljiyam ya gwada nasa, rozanoliksizumab, a wani ƙaramin gwaji na masu ciwo mai tsanani, amma bai wuce da shi zuwa babban gwaji ba. Hakan na iya nufin tunanin bai yi daidai ba, yana kuma iya nufin ba a zaɓi marasa lafiyar da suka dace ba. Tazara tsakanin ɓera da mutum tana da faɗi, duk wanda ya tallata maganin garkuwa domin wannan ciwo a yau ya riga hujja.

Sauran sunayen da ake ambata ba sa buƙatar dogon bayani. Journavx, sabon maganin zafi da ba na dangin opiyom irin su tramadol da kodin ba, wanda FDA ta amince da shi a Janairun 2025, na zafin ɗan lokaci ne kamar na bayan tiyata, ba na faibromayaljiya ba. Magungunan da ake cirowa daga tabar wiwi gwaje-gwajensu ƙanana ne kuma sakamakonsu a cakuɗe yake. Ketamin yana rage ciwo na ɗan gajeren lokaci sannan ciwon ya dawo.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, duk wannan yana iya zama kamar labarin wata duniya, kuma gaskiya ne Tonmya magani ne na kasuwar Amurka, mai tsadar sabon magani. Amma ciwon yana nan a cikinmu, sunansa ne bai iso ba. Mace za ta shekara tana cewa duk jikina ciwo yake, a yi mata maganin maleriya, a sake, a ce taifot ne, a ce sanyi ne ya shiga ƙashi, daga ƙarshe a ce son jiki ne ko a koma neman maganin sammu. A tsakanin haka kuma kemis ya zama likitanta: diklofenak kullum har ya taɓa mata ciki da ƙoda, deksametason da zai kumbura mata fuska ya jawo sukari, sai tramadol. Wannan na ƙarshen ne ya fi tayar mini da hankali, ganin irin ɓarnar da shi da kodin suka yi a arewacin Najeriya, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Magungunan dangin opiyom ba sa aiki sosai a faibromayaljiya. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2007 ya nuna cewa wuraren da suke kamawa a ƙwaƙwalwar masu ciwon sun yi ƙaranci, kuma daɗewa a kansu na iya ƙara wa jiki saurin jin zafi. Pregabalin ma ana maye da shi, shi ya sa Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da ake tsaurara wa tun Afrilun 2019.

Shawarwarin manyan hukumomi sun fi karkata ga abin da ke hannunmu. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, a shawarwarin da ta sabunta a 2016, abu ɗaya tak ta ba goyon baya mai ƙarfi, kuma ba ƙwaya ba ce: motsa jiki. Tafiya a ƙafa, miƙe gaɓoɓi, ɗaga abu marar nauyi, ana farawa da 'yan mintoci ana ƙarawa sannu a hankali, domin wanda ya fara da ƙarfi ciwon zai taso masa ya karaya. Magunguna ta ajiye su a matsayin ƙari ga mai tsananin ciwo ko rashin barci, ta kuma yi hani mai ƙarfi ga manyan magungunan opiyom da irin su deksametason. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci shawarwarin magani, a 2021 ta wuce haka: ta ce kada a fara ba masu irin wannan ciwo farasitamol, magungunan kumburi, opiyom ko pregabalin, sai dai a duba yiwuwar amitriptilin, duloksetin da makamantansu bayan an tattauna amfani da illa da marar lafiya.

Kafin a kai ga kowace ƙwaya, sai likita ya kawar da cututtukan da ke kama da wannan: raunin aikin ƙullin tayiroyid na maƙogwaro, ƙarancin jini, ƙarancin bitamin D, amosanin gaɓoɓi mai kumburi, lufus (cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita), ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki. Kowannensu yana da nasa maganin dabam, kuma mutum na iya haɗa ɗaya daga cikinsu da faibromayaljiya a lokaci guda. Idan an tabbatar, tsarin da likitoci ke bi shi ne magani ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da adadi mafi ƙanƙanta, a zaɓa bisa abin da ya fi damun marar lafiya: amitriptilin da dare ga wadda barci ya fi yi wa wuya, duloksetin ga wadda ta haɗa da ciwon damuwa. A ba shi makonni, a dawo a duba ko ciwo, barci ko iya aikin gida sun canza. Idan babu canji a janye shi, amma a hankali kuma a ƙarƙashin kulawar likita, domin yanke duloksetin ko pregabalin rana ɗaya yana kawo jiri, tashin zuciya, rashin barci da fargaba.